Gidan Wa Za a Kai Inna?

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibitin Galmi, ko daga babbar likitar Birnin Ƙonni, ranar ce jinya take farawa gadan-gadan. Likita ya yi nasa. Ya sauko da hawan jini, ya rubuta magani, ya ce a riƙa motsa mata hannu da ƙafa, a dawo bayan wata guda. Gadon ma akwai mai jiransa. Sai a naɗe tabarma, a haɗa kwanoni da buta da ɗan murhun da aka yi kwana goma ana dama kunu a kansa, a fito bakin titi neman mota. A nan, tsakanin buhunan albasa da ƙurar manyan motoci, tambayar da kowa yake ta kauce wa take fitowa fili: gidan wa za a kai ta?

A ɗauki gida irin wanda ake samu ko'ina tsakanin Alela da Dogarawa. Tsohuwa ta haura saba'in, maigidanta ya riga mu gidan gaskiya. Babban ɗanta yana ƙauye yana noma, da mata biyu da yara cike da tsakar gida. Mai bi masa ya tafi biɗa Abijan shekara goma sha biyar ke nan. Na uku ma'aikaci ne a Yamai. Akwai ɗiya mace da take aure a Ƙonni. Shawarar duk a WhatsApp ake yinta, murya bayan murya.

“Yaya, ni dai a ganina a kawo ta Yamai. Nan akwai manyan likitoci.”

“Inna ba ta zama Yamai. Wancan karon kwana ukku ta yi ta ce a maishe ta gida.”

Na Abijan kuma ya ce, “Ku dai ku yanke. Ni kowane wata zan riƙa aikowa ta Nita, in Allah ya yarda.”

Ƙarshenta a kai ta gidan babban ɗa, domin shi ne babba, kuma domin in aka kai ta wani wuri mutanen gari za su ce wani abu. Ba a tambayi uwargidansa ba, wadda ita za ta ɗauki fo ɗin. Ba a leƙa ɗakin da za a kwantar da tsohuwar ba. Mutanen da ba sa sayen sa a kasuwar Badagishiri sai sun buɗe bakinsa sun ga haƙori, sun sa ya yi tafiya sun duba ƙafa, su ne suke zaɓen wurin da mahaifiyarsu za ta ƙarasa kwanakinta ba tare da sun duba komai ba. Soyayya ce ta jawo haka, da kunya. Wa zai ce zai binciki gidan yayansa?

Gidan kula da tsofaffi irin na Turai, inda ake biyan kuɗi a bar tsoho hannun ma'aikata dare da rana, ba abu ne da aka saba da shi a Ƙonni ko Malbaza ko Illela ba. Ƙasar ma ta yara ce. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17.1 a Nijar, sama da miliyan 3.3 daga cikinsu a jihar Tawa. Kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai sittin kuwa ba su cika biyar cikin ɗari ba. To amma ko a ce huɗu ne cikin ɗari, a jihar Tawa kaɗai ana maganar tsofaffi fiye da dubu 130 tun a wancan lokaci. Kuma yanki ne da maza majiya ƙarfi suke barinsa da zarar an gama girbi, wasu su dawo da damina, wasu sai bayan shekaru. Lissafin da aka gada, cewa ƴaƴa da yawa su ne fanshon talaka, yana nan daram a baki. A tsakar gida kuwa, da yawa daga ƴaƴan sun koma murya a cikin waya.

Ƙin da ake yi wa “gidan ajiye tsoho” yana da tarihi. Wuraren zaman dindindin na marasa lafiya da ƙasar Hausa ta fara sani su ne na kutare: Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, daga baya Danja kusa da Maraɗi. An yi aikin ceto a waɗannan wurare, amma a idon jama'a wuri ne da ake kai wanda aka keɓe. Gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano ma sunansa ya faɗi waɗanda aka yi shi dominsu: wanda ya gaji, kuma ba shi da mai ɗaukarsa. Ga wa'azin da kowane yaro ya ji tun a makarantar allo, na ayar Suratul Isra'i da ta hana ko nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka. Duk wanda ya tashi a haka, kai uwarsa hannun baƙi tamkar ya tsaya a kasuwa ne ya yi shelar cewa ya kasa.

Sai dai rashin gini mai allo a ƙofa bai hana a yi zaɓi ba. Ana zaɓe kullum: tsakanin gidan wa da gidan ƙane, tsakanin ƙauye da birni, tsakanin barin ta a asibiti da maido ta gida, tsakanin matar da za a ɗauka a riƙa biya da jikar da za a cire daga makaranta, tsakanin ɗan asibitin kuɗi da zauren malam. Kowanne daga cikinsu gidan kula da tsoho ne, ko an kira shi haka ko ba a kira ba. Kuma inda aka daɗe da wannan harka, an sha wuya kafin a gane abin da ya kamata a duba.

A watan Janairun 2022 wani ɗan jaridar Faransa, Victor Castanet, ya fitar da littafi bayan binciken shekara uku a kan Orpea, ɗaya daga manyan kamfanonin gidajen tsofaffi na Turai. Gidan da ya fi jan hankali yana Neuilly, unguwar attajirai a gefen Paris, inda a lokacin ɗaki mafi araha yake cin kusan yuro 6,500 a wata, wato sama da sefa miliyan huɗu. Falo kamar na otal, furanni ko'ina. A ciki kuwa, bisa shaidar ma'aikatan da suka yi magana, ana ƙidaya wa tsofaffi ƙunzugu, ana tsuke abinci, ma'aikata ba su isa ba. Batun ya kai majalisar dokoki, shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa. A Ingila akwai hukumar CQC tun 2009, wadda masu bincikenta sukan faɗo gida ba sanarwa su ba shi daraja ɗaya cikin huɗu. Amurka tana raba wa gidajen taurari, daga ɗaya zuwa biyar, tun 2008. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a binciken da aka yi a irin waɗannan gidaje, biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun muzguna wa wani tsoho a cikin shekarar da ta gabata. Wanda zai yi murna ya ce Allah ya raba mu da wannan, ya dakata tukuna: hukumar ta kuma ce cikin tsofaffin da suke zaune a gida tare da jama'a, kusan ɗaya cikin shida ya gamu da wani nau'in cin zarafi a shekara guda.

A Alela ba mai binciken gwamnati da zai zo ya duba ɗakin Inna. Ɗiyarta ta Ƙonni ce mai binciken, ko ta sani ko ba ta sani ba. Kuma kayan aikinta na farko hanci ne.

Ɗakin mai jinya ba ya rasa wari, wannan kowa ya sani. Amma akwai bambanci tsakanin warin abin da ya faru yanzu da zarnin da ya kwana biyu ya shige katifa da bango. Na farko lalura ce. Na biyu yana nufin ana barin ta a jiƙe. In an shiga an tarar turaren wuta ya turnuƙe ɗakin da hantsi, ba Juma'a ba, ba suna ba, to a zauna har hayaƙin ya lafa. Shi ya sa ziyarar da aka yi shelarta tun jiya ba ta nuna komai. An share, an canza zane, an shafa mata mai. Ziyarar da take faɗin gaskiya ita ce ta bayan sallar asuba, ko ta tsakar rana lokacin da kowa yake gona ko kasuwa, ko kuma mutum ya ce yau nan zai kwana.

Bayan hanci sai hannu. Ɗiyar ta rufe ƙofa, ta ce, “Inna, bari in gyara miki kwanciya,” ta juya ta a hankali ta ɗaga zane. Wurare huɗu za ta duba: diddige, ƙashin gindi, kwatangwalo ta kowane gefe, da kafaɗa. A nan ƙashi yake danne fata a kan shimfiɗa, jini ya daina kaiwa, nama ya fara mutuwa daga ciki. A jikin Bature wurin yakan yi ja, kuma haka aka rubuta a yawancin littattafan jinya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi. In an taɓa a ji ya fi zafi ko ya fi tauri. Daga nan zuwa gyambon kwanciya, wanda yakan rarake har a hango ƙashi, kwanaki ne kawai. Gyambon nan shi yake kashe da yawa daga waɗanda shanyewar jiki ta bari da rai. Maganin hana shi kuwa ba a sayar da shi a farmasi: a juya mai jinya kamar kowane awa biyu, a bar fatarta a bushe, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba.

Kowane awa biyu, har da dare. Idan aka lissafa daga isha'i zuwa asuba, tashi uku ne ko huɗu. To wa zai tashi? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi amsawa da “ai muna nan.” Muna nan ba sunan kowa ba ne. Gidan da yake da mutum ashirin, amma ba a iya nuna mace ɗaya a ce ita take kwana a ɗakin daren Litinin, wance kuma daren Talata, wannan gidan bai kai gidan mutum uku da suka raba kwana ba. Turawa suna auna wannan da yawan ma'aikata a kan yawan gadaje, kuma a nan ne kamfanoni suke yin ƙwange don albashi shi ne ya fi cin kuɗi. A ƙauye ƙwangen iri ɗaya ne, illa dai ba a rubuta shi a takarda: mace ɗaya ce take daka, take ɗebo ruwa, take goyo, take girkin mutum ashirin, sannan a ce ita ce za ta tashi sau huɗu da dare.

Saboda haka mai duba tsohuwa ya dubi matar da take jinyarta. Ta rame? Tana barci? Yaushe rabonta da zuwa gidansu, ko biki, ko kasuwa? Surukar da aka ɗora wa jinya ba shawara, mijinta bai taɓa ce mata sannu ba, ƴan'uwansa kuma in sun kira sai dai su tambayi me aka yi da kuɗin da suka aiko, wata rana za ta daka wa tsohuwar tsawa, wata rana ta bar ta a jiƙe har hantsi, kuma ba muguwa ba ce. Akwai kuma abin da ba a faɗi: in tsoho ne namiji, matar ɗansa ba za ta yi masa wanka ba, ɗiyarsa ma da ƙyar. Dole a samu namiji, ɗa ko jika ko wanda za a biya. Gidaje da yawa sai an kawo tsohon an kwantar sannan a tuna da wannan.

Sai ɗakin kansa. A nan akwai wani kuskure da alheri yake jawowa. Ɗan da yake Abijan ya aiko kuɗi an gina wa Inna ɗaki na bulo da simintin Malbaza, an rufa da kwano, an shafa fenti, duk wanda ya wuce sai ya sa albarka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Ƙonni yake wuce digiri 40 kusan kullum, ɗakin nan murhu ne. Tsohuwar shigifarta ta laka, wadda aka mayar wurin ajiye buhuna, ta fi shi sanyi nesa ba kusa ba. Za a ce ai an sa fanka. Fanka sai da wuta, kuma mutanen yankin ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, tana taimakawa da rana. Zafin ɗakin kwano kuwa ba ya tafiya da faɗuwar rana.

Zafi yana kashe tsofaffi shiru. A Faransa, a bazarar 2003, mutum kusan dubu 15 suka mutu cikin ƴan makonni, akasarinsu tsofaffi, da yawa a cikin gidajen kula da su. Kusa da gida, a farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura sittin. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari. Ga wani abu da sai wanda ya yi jinya ya sani: tsohuwa takan ƙi shan ruwa da gangan don kada ta jiƙa shimfiɗa ta wahalar da matar ɗanta, wata sa'a kuma mai jinyar ce take rage mata don ta samu barci. A duba ko akwai ruwa inda hannunta mai lafiya zai kai. A duba harshenta ko ya bushe. A tambayi sau nawa ta yi fitsari yau, kuma wane launi.

Sauran abubuwan ɗaki ƙanana ne, kafinta da magini sun isa. Dokin ƙofa mai tsawo shi yake kayar da mai jan ƙafa. Masai na tsuguno ba ya yiwuwa ga wanda gwiwarsa ta daina lanƙwasa, amma kujerar katako da aka huda tsakiyarta ta raba gardama. Keken guragu da aka aiko daga birni, in tsakar gida yashi ce, ado ne kawai. Fitila kuma ta kwana a kunne, domin faɗuwar dare ita take karya ƙugu, kuma tsohon da ƙugunsa ya karye ba kasafai yake komawa yadda yake ba, ko an kai shi wurin maɗori ko asibiti.

Abinci ma a zauna a gani da ido. Tukunya ɗaya ce ta gida duka, da gishirinta da dunƙulenta, kuma ba mai hawan jini aka dafa wa ba. Furar da aka zuba wa sukari ba ta mai ciwon suga ba ce. Wadda jikinta ya shanye sau da yawa haɗiya tana yi mata wuya. In tana tari ko shaƙewa duk lokacin da aka ba ta ruwa, to wani abu yana bin hanyar numfashi, kuma daga nan ciwon huhu yake kamawa. A zaunar da ita sosai kafin a ba ta, a bi a hankali, a gaya wa likita. Ba ta abinci tana kwance don a yi sauri alama ce ta gidan da ba shi da lokacinta.

Nisa da likita shi ne dalilin da ɗan da yake Yamai yake kafawa, kuma yana da gaskiya rabi. Tsarin lafiyar Nijar hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda aka giggina da yawa zamanin Tandja Mamadou, sai cibiyar lafiya ta CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha a Tawa, sai na ƙasa. Asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM suka buɗe a 1950 a kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, yana karɓar mutane daga ko'ina har da tsallaken iyaka. Daga Ƙonni zuwa Yamai kusan kilomita 420 ne, zuwa Sakkwato kuwa bai kai 100 ba, shi ya sa gidaje da yawa suke kallon asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a matsayin nasu. Sai dai iyakar nan ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa daga tsakiyar 2023 har Maris ɗin 2024. Wanda ya ɗora jinyar uwarsa a kan hanyar Illelar Najeriya kaɗai ya tanadi hanya ta biyu. Amma mai shanyewar jiki ba babban likita take buƙata kullum ba. Abin da take buƙata shi ne majo ko wata malamar asibiti da za ta auna mata jini a kai a kai, maganin da ba ya yankewa, da mota ko amalanke da aka san mai ita in dare ya yi. In damina ta sauka gulbi ya raba ƙauyen da titi, wannan ma a sa shi cikin lissafi tun rani.

A asibitin kuɗi kuwa a yi hattara da ƙarin ruwa. Jama'a sun ɗauka in ba a rataya wa mara lafiya leda ba, ba a yi masa komai ba, kuma akwai masu cin abinci da wannan zato. Wurin da yake rataya ruwa kullum amma ba wanda ya taɓa juya ta, ba wanda ya koya wa mai jinya yadda ake miƙe hannun da ya shanye, kuɗi kawai yake ci. A Nijar yara ƴan ƙasa da shekara biyar suna da magani kyauta tun 2006, a shekarar da Senegal ta fito da shirin Sésame na kyautar magani ga waɗanda suka kai sittin. A 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin asibitocinta da rabi. Duk wannan sauƙi ne, amma babu dokar da take biyan mai wankin zane da ƙarfe uku na dare. In za a raba kuɗin da ake aikowa, a ware nata kaso a fili, da sunanta, ko da matar yaya ce. Mutane suna jin nauyin wannan, wai kamar an mayar da zumunci ƙwadago. Sabulun da take saye da kuɗin adashinta fa, shi ba a ji nauyinsa ba.

Wuri mafi hatsari shi ne inda gigin tsufa ya shigo. Tsohuwa ta fara kiran matattu, tana fita da dare tana cewa za ta gidansu, tana zargin jikokinta da sata, wata rana ta tuɓe a tsakar gida. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A unguwa kuwa sai a ce iska ce, ko sammu, in ba a yi sa'a ba a ce maita ce take tona kanta. Daga nan sai kulle ɗaki, sai igiya a ƙafa, sai a ji labarin wani mai magani a wani gari da yake riƙe irinsu. Neman addu'a ba laifi ba ne, kuma ba mai hana shi. Amma a tuna Rigasa. A watan Satumban 2019 ƴan sandan Kaduna suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ake kira makarantar gyaran hali, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe wani a Daura. Waɗannan matasa ne da yara, ba tsofaffi ba, amma yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, suna zaton alheri suke yi. Duk wurin da aka ce ba a ganin mara lafiya sai ranar kaza, ko sai an fito da shi zaure, ko ba a barin ku ku kaɗai, to a ɗauko shi ranar nan.

Rikicewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ita kuma daban ce. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma tana warkewa in an kai likita da wuri.

Hausawan da tsufa ya riska a Faransa ko Beljiyam ko Amurka, su kam gidan tsofaffi na gaske ƴaƴansu suke zuwa dubawa, da takardu da sa hannu. Hanci da hannu da tambayar dare duk suna aiki a can. Ƙari a kai, su tambayi abincin halal, da ko mace ce za ta yi wa mace wanka, da wanda za a kira in rai ya yi halinsa. Akwai kuma harshe. Mai gigin tsufa yakan zubar da harshen da ya koya da girma ya koma na goyo. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aiki da Faransanci sai ya wayi gari ba ya jin komai sai Hausar Ƙonni, yana neman ruwa, ma'aikaciya tana rubuta cewa yana surutai.

Ita kanta Inna, a duk muryoyin nan na WhatsApp, ba a ji tata ba. Bakinta ya karkace, maganarta ba ta fita sosai, sai aka ɗauka ba ta da ta cewa. Wanda ya zauna ya yi haƙuri zai ji. A Yamai akwai likita da fanka da fale-falen bene, amma ƙofa a rufe take tun safe har yamma, ba mai sallama, jikokin ma Faransanci da Zabarmanci suke yi. A ƙauye, kafin hantsi mata biyar sun leƙo. Ƙawarta ta ƙuruciya takan zo da sandarta ta zauna bakin gado, su yi ta lissafin waɗanda suka mutu. Tana jin kiran sallar ladanin da ta sani, tana jin daka, ta san ko wace ce da sautin taɓaryarta. Waɗannan masu leƙowa su ne masu binciken da ba a biya, domin tsohuwar da ake shigowa gaishewa kullum ba a barinta a jiƙe har azahar.

Gidan da ya yi dace yakan ƙare da wani abu kamar haka. Inna ta zauna ƙauye, amma an kwashe buhuna daga shigifa an mayar da ita can. An raba kwana tsakanin matan gida biyu da wata bazawara maƙwabciya da ake biya daga kuɗin Abijan. Ɗan Yamai ya ɗauki magani da kuɗin majo. An ce za a sake zama kafin bazara, da kuma kafin shuka, lokacin da hannuwa suke ƙaranci. Ɗiyar Ƙonni tana hawa motar kasuwa ba tare da ta kira kowa ba, ta sauka da ledar sabulu da man shafawa, ta gaida yayanta a zaure, ta gaida matansa ɗaki-ɗaki, ta fara da uwargida.

“Yaya, sannu da ɗawainiya. Jiya kin samu barci kuwa?”

Sannan ta shiga wurin Inna ta sakaya ƙofa, ta durƙusa, ta ɗaga diddigen hagu ta juya shi wajen haske.